Hurumin Bishiya: Tarihin Shingen Da Ke Tsare Saiwa Lokacin Gini



Duk wanda ya kwana biyu a ƙasar Yarbawa ya san unguwannin da sunansu ke farawa da "Idi". A nan Ibadan akwai Idi-Arere, Idi-Ishin, Idi-Ose da Idi-Ayunre. A Ikko akwai Idi-Oro, akwai Idi-Araba inda 'yan'uwanmu suke da babban zango. Wannan "Idi" ba sunan mutum ba ne, ba kuma Idin salla ba ne; a harshensu "gindi" ake nufi. Idi-Araba gindin rimi ke nan, Idi-Ose gindin kuka, Idi-Ishin gindin gwanja-kusa. Mu ma a gida haka abin yake: ga Unguwar Rimi a Kaduna, ga Durumin Iya da Kukar Bulukiya da Tsamiyar Boka a Kano. Watau bishiya ta riga unguwa zuwa. A inuwarta fatake suka fara sauke kaya, a nan aka fara ciniki, sannan gidaje suka biyo baya. Yau a da yawa daga cikin irin waɗannan wurare suna ne kawai ya rage.

Bishiyar cikin gari ta hanya biyu take tafiya. Ko dai a sa mata gatari kowa yana gani, ko kuma a yi gini kusa da ita, ta bushe a tsaye bayan 'yan shekaru ba tare da kowa ya taɓa jikinta ba. A kan wannan ta biyun muke so mu yi magana, domin yanzu kusan kowane lungu na Sabo za ka ga an rushe tsohon gida ana ɗora bene, kuma 'yan bishiyoyin da suka rage mana ba su da yawa. Maganin abin ba tsada gare shi ba: shinge ne na ɗan lokaci, a kewaye ƙasar da saiwoyi suke kwance a ciki tun kafin tifa ta farko ta shigo, a bar shi har a gama aiki. Wasu in sun ji sai su ce ai wannan iyayin Turawa ne. To bari mu bi tarihin abin mu gani ko nasu ne su kaɗai.

Abin da ke cikin littattafanmu

Kalmar "hurumi" kowa ya san ta. Muna cewa hurumin gari, hurumin maƙabarta, har in mutum ya tsoma baki inda bai kamata ba mu ce masa ba huruminka ba ne. Tushenta ɗaya da "harimi" na Larabci, watau filin da ke kewaye da wani abu, wanda amfanin abin ba ya cika sai da shi. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, malaman fiƙihu ba gari da rijiya kaɗai suka yanka wa hurumi ba, har da bishiya.

Abu Dawuda ya ruwaito cewa mutum biyu sun kawo ƙara gaban Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, a kan hurumin wata bishiyar dabino. Sai ya sa aka auna da reshenta, aka sami kamu bakwai, a wata ruwayar kamu biyar, ya yanke hukunci da haka. A lura da hikimar: ba a ɗauko wani awo daga waje an ɗora mata ba, da jikinta aka auna mata rabonta. Babba ta sami babban fili, ƙarama ta sami daidai ita.

Waɗanda suka yi zaman zaure suka kai Muhtasar na Shehu Halilu, malamin Misira na ƙarni na 14, za su tuna babin raya matacciyar ƙasa. A can ya jera hurumai: na gari shi ne inda ake itace da kiwo, na rijiya shi ne abin da ba zai ƙuntata wa masu ɗiban ruwa ba kuma ba zai cuci ruwan ba, na gida shi ne wurin zuba ƙasa da mazubar indararo, na dabino kuwa shi ne gwargwadon abin da maslaharsa take ciki. Masu sharhi sun kawo cewa da aka tambayi Imamu Malik a kan haka, sai ya mayar da abin ga maslahar bishiyar, ya ce a tambayi waɗanda suka san sha'anin itatuwa, kuma an ambaci kamu 10 zuwa 12 ta kowane ɓangare. Gaskiya ne wannan hukunci a kan bishiyar da aka dasa a filin da ba na kowa ba yake magana, domin kada wani ya zo ya yi gini ko ya haƙa rami a jikinta. Amma darasin a fili yake: tun shekaru fiye da dubu da suka wuce an san cewa bishiya ba kututture ba ce kawai, tana da ƙasar da take rayuwa da ita, wanda ya ci mata ƙasar nan ya cuce ta ko da bai karya mata ko tsinke ba.

Shingen ƙaya

A ƙasar Hausa shingen bishiya tsohon abu ne, sai dai maƙiyin da ake tsaro daban ne. Akuya ce. Duk wanda ya tashi a Arewa ya ga yadda ake kafa reshen ceɗiya ko na durumi a ƙofar gida da damina, a kewaye shi da ƙaya, ko a kifa masa tsohon kwando, ko a yi masa 'yar katanga ta tubali mai ƙofofin shan iska. Daga baya aka koma ga tsohuwar ganga da aka fasa gindinta da wayar kaji. Dogon yaro, wanda wasu ke ce wa darbejiya ko maina, asalinsa daga Indiya ne. A shekarar 1928 aka fara dasa shi a lardin Borno, kuma da irin wannan kewaye ya rayu har ya cika titunan Maiduguri da Kano da Sakkwato, ya gangaro Kurmi, har Yarbawa suka ari sunan daga bakinmu suna cewa "dongoyaro". Bayan farin 1973, da gwamnatoci suka shiga gangamin dashen itatuwa duk shekara, kowa ya ga bambanci da idonsa: wanda aka kewaye ya tashi, wanda aka dasa don hoto aka tafi, kafin sati awaki sun gama da shi.

To amma wannan shinge na jariri ne. Faɗinsa bai wuce taku ɗaya ko biyu ba, domin ganye da ɓawo ake tsarewa. Da bishiya ta fi ƙarfin bakin akuya sai a kwashe ƙaya, a ce ta girma, ta wuce wahala. Kuma a wancan zamani maganar gaskiya ce. Mai ginin ƙasa ba ya haƙa harsashi mai zurfi, jaki ne ke kawo masa ƙasa, da ƙafa ake cuɗa ta, tsakar gida kuma ƙasa ce mai shan ruwa. Babbar bishiya ba ta da abin tsoro a wurin irin wannan magini. Shi ya sa al'ada ta riƙe shingen ƙaya gam, shi kuwa hurumin da ke cikin littafi ya zauna a littafi, don ba a cika bukatarsa a cikin gari ba.

Sabo da zuwan siminti

Kakanninmu sun daɗe a Badun, kamar yadda suke kiran garin, tun suna zaune a cikin tsohon gari wajen Oja'ba tare da masu masaukinsu Yarbawa. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, layin ya kai Kano a 1911, cinikin goro da na shanu ya buɗe, baƙi suka yi ta zuwa. A 1916 aka ware wa Hausawa wannan wuri, aka kira shi Sabon Gari, baki ya gajarta shi zuwa Sabo. A lokacin bayan gari ne. Filin sukuwar dawaki na nan kusa, inda daga baya aka gina filin wasa na Adamasingba. Dattawanmu sun ba mu labarin gidajen ƙasa da jinka, sannan kwano, da bishiyoyin ƙofar gida inda ake zazzage goro a tsince, a jera ganyen fita a ɗaure huhu, inda wanzami ke shimfiɗa tabarma, maɗinkin hula na gefe, almajirai na biya allo da hantsi. Mai goro ya fi kowa sanin darajar inuwa, tunda hajarsa ba ta son rana ko kaɗan.

Wani mai bincike daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna a unguwar nan a 1962 da 1963, ya ƙirga mutum dubu huɗu da 'yan kai, ya fitar da littafinsa a kan Sabo a 1969. Ku dubi yawanmu yau, ku dubi filin: bai ƙaru ba. Mokola ta tokare nan, titi ya tokare can. Wanda iyalinsa suka yi yawa ba shi da inda zai faɗaɗa sai tsakar gida, in ta ƙare sai sama.

A daidai wannan lokaci siminti ya zama ruwan dare. An buɗe masana'antar Nkalagu a 1957, ta Ewekoro a 1960, ta Shagamu a 1978. Kuɗin Udoji sun faɗo a tsakiyar shekarun 1970, a 1975 kuma aka yi shekarar da ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da siminti suka yi cirko-cirko a gaɓar Ikko wata da watanni suna jiran layin sauke kaya. Daga nan gini ya canja kama. Jaki ya ba tifa wuri, tubali ya ba bulo wuri, harsashi ya yi zurfi, aka shigo da sokawe da lambatu da bututun ruwa, tsakar gida aka malale ta da kankare don gudun taɓo. Duk ci gaba ne, babu mai cewa a koma ginin ƙasa. Sai dai babbar bishiya ta sami sabon maƙiyi wanda ya fi akuya, kuma shi ba ganye yake ci ba, ƙasa yake ci.

Yadda gini ke kashe bishiya ba da gatari ba

Yawancinmu mun tashi da zaton saiwa kamar karas take, ta miƙe ƙasa zurfin tsawon bishiyar. Masana itatuwa sun tona sun gani ba haka ba ne. Mafi yawan saiwoyin babbar bishiya suna cikin ƙasar sama ne, zurfin da bai wuce santimita 60 ba, kamar ƙafa biyu, amma sun bazu gefe da gefe kamar faifai, sau da yawa har su wuce iyakar inuwarta. Manyan da ke kusa da gindi su ke riƙe ta kada ta faɗi. Ƙananan kuwa, sirara kamar zare, su ke sha mata ruwa da abinci, kuma numfashi suke yi. Suna bukatar iskar da ke cikin ƙofofin ƙasa.

To ku dubi abin da ke faruwa ranar da aka fara aiki. Inuwa ɗaya ce a filin, saboda haka nan tifa za ta ja da baya ta juye yashi, nan za a jibge tsakuwa da bulo da rodi. Nauyin mota a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa irin ta damunar Ibadan, ko sau ɗaya ne, ya isa ya danne ta ta toshe. Nan leburori za su kwaɓa siminti don rana ba ta dukansu, nan za su wanke shebur da kwanon ɗiba da yamma. Ruwan siminti kaifi gare shi. Wanda ya ga hannun lebura ya san abin da yake yi wa fata, haka yake ƙone saiwa. Sai mai haƙa ya ja ramin harsashi ko na bututu taku biyu daga gindi, duk saiwar da ya tarar ya sa adda. Ƙasar da aka haƙo a tara ta a gindin, ta binne saiwoyin da ke neman iska. In an gama, don a girmama bishiyar, sai a zuba kankare har wuyanta a yi mata dakali.

Alhaji ya zo duba aiki ya ce, "Malam birkila, na ce fa a kula min da mangwaron nan, mahaifina ne ya dasa shi." Shi kuma ya amsa, "Ranka ya daɗe, ga shi nan, ko ƙwarzane babu. Har kwano muka naɗa masa." Kuma ba ƙarya ya yi ba. Shingen akuya ya yi mata, alhali ba akuya ce ta zo ba.

Abin da ya sa ba a gane mai laifi shi ne bishiya ba ta mutuwa a ranar. Tana da ajiya a jikinta, da ita za ta yi ta lallaɓawa. Bana ganye ya ƙanƙance, baɗi rassan sama su bushe, shekara ta uku ko ta biyar gara ta samu ƙofa, tunda sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Lokacin an daɗe da tarewa a gidan, an manta da tifa. Sai ka ji ana cewa tsufa ne, ko gara ce, wani ma ya ce hannu aka sa mata. Mafi hatsari ita ce wadda aka datse wa manyan saiwoyi ta gefe guda: ganyenta shar, amma ba abin da ke riƙe da ita, ranar da iskar farkon damina ta taso sai ta kwanta a kan rufin maƙwabci ko a kan masu wucewa. Allah ya kiyaye.

Yadda Turawa suka dawo kan maganar

Su ma Turawan ba da saninsu aka haife su ba, asara ce ta koya musu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Ingila ta shiga gine-gine ba ji ba gani. Dokarsu ta tsara birane ta 1947 ta ba ƙananan hukumomi ikon sa wa bishiya takardar kariya, wanda ya sare ta ba izini a ci shi tara. Amma sai aka ga bishiyoyin da takarda ta hana a sare suna mutuwa a tsaye a cikin sababbin unguwanni. A 1980 hukumarsu mai tsara ƙa'idojin aiki ta fitar da ƙa'ida ta musamman a kan bishiya da gini, mai lamba BS 5837.

Sai daren 15 ga Oktoba 1987, wayewar 16, guguwa ta afka wa kudancin Ingila ta kayar da bishiyoyi kimanin miliyan 15. Da gari ya waye kowa ya ga gindinsu a sama: faffaɗan faifai ne marar zurfi, ba doguwar saiwa ba. A lambun Kew da ke Landan, inda suke tara itatuwan duniya don nazari, akwai wata tsohuwar bishiya da suke kira Turner's Oak, an dasa ta a 1798, shekara shida kafin hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu. Kafin guguwar ta soma lalacewa. Iska ta ɗaga ta da saiwoyinta gaba ɗaya ta sake dire ta a raminta. Ma'aikata suka bar ta a layin waɗanda za a sare in an gama da sauran. Kafin su waiwayo ta sai suka tarar ta yi sabon toho, ta fi da lafiya. Da suka bincika sai suka gane ƙafafun masu yawon buɗe ido ne, shekara da shekaru, suka danne ƙasar gindinta. Girgizar da iska ta yi mata ita ta sassauta ƙasar, ruwa da iska suka sami hanya. Daga nan lambun ya shiga sassauta ƙasar gindin tsofaffin bishiyoyinsa da na'urar hura iska. To jama'a, in tafin ƙafar mutum ya yi haka, ina ga tifa cike da yashi?

An sake gyara ƙa'idar tasu a 1991, da 2005, da 2012. Abin da ta tsaya a kai shi ne: a auna kaurin bishiya daga gefe zuwa gefe a tsayin mita ɗaya da rabi daga ƙasa, a ninka sau 12, abin da ya fito shi ne nisan da za a bari daga gindi ta kowane ɓangare, iyakarsa mita 15. A kafa shingen ƙarfe mai tsayin mita biyu a kan iyakar, a kafe shi yadda ba mai ɗage shi da hannu, a manna sanarwa, kuma a yi haka kafin a shigo da kayan aiki ko a fara rushe tsohon gini. A cikin shingen ba haƙa, ba ajiya, ba wucewar mota, ba kwaɓa siminti, ba hura wuta. Ostareliya ma ta fitar da irin tata a 2009 da wannan lissafi na ninki 12. Ku duba ku gani: da jikin bishiya ake auna mata filinta, kamar yadda aka auna wa dabinon Madina da reshensa.

Awo da igiya

Ba sai da injiniya za a yi wannan lissafi ba. A sami igiya, a zagaya bishiyar da ita daidai ƙirjin babban mutum, a ƙulla alama. Wannan tsawon, a ninka shi sau huɗu, a ja daga gindi. Kusan daidai yake da lissafin Turawan, har da ɗan ƙari. Mangwaron da kaurinsa ya kai rabin mita, igiyar da ta zagaye shi za ta yi mita ɗaya da rabi da 'yan kai, huruminsa ya kama wajen mita shida ta kowane gefe.

Mun san abin da mai karatu zai ce: "Malam, mita shida a Sabo? Ai ɗaki biyu ke nan da shago." Gaskiya ne. Da'irar mita shida ta kusa cinye kashi ɗaya cikin huɗu na fuloti mai ƙafa 50 da 100, kuma gidaje nawa ne a nan suka kai haka? Mu 'yan kasuwa ne, mun san kuɗin hayar shago a bakin titi. Amma ko ƙa'idar Turawan ba ta ce dole sai da'ira ba. In titi ko tsohon gini ya riga ya tare gefe ɗaya, saiwoyin sun fi yawa ta inda ƙasa take a buɗe, sai a karkata shingen ta can. Kuma shingen na wata shida ne ko shekara, ba na har abada ba. In an gama aiki filin yana nan, a shimfiɗa tabarma, a ɗaura aure, yara su yi karatu.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne a yanke shawara tun kafin a ja zanen gini. In bishiyar ta tsufa ta ruɓe, ko irin ceɗiyar nan ce da ta riga ta shiga sokawe tana tsaga bango, ko kuwa ba yadda za a yi ginin ya zauna sai an datse manyan saiwoyinta, to a sare ta da rana tsaka cikin aminci, a dasa wata inda ya dace, a yi mata shingen akuya. Wannan ya fi a bar ta rabi a raye tana jiran iska. In kuwa an ce za a bar ta, to a bar ta da gaske:

A kafa shingen tun kafin a rushe tsohon gini. Tsohon kwanon da aka cire daga rufi da 'yan sandunan gora ko katako sun isa, in dai an kafe su a ƙasa. Igiya ko jan ƙyalle ba shinge ba ne, direban tifa ba ya ganinsu.

A nuna wa direba inda zai juye kaya, a nuna wa leburori inda za su kwaɓa siminti da inda za su wanke kayan aiki, nesa da shingen kuma ba ta inda ruwa zai gangaro gindin ba. A kafa musu rumfar buhu ko ta tamfol, domin inuwa ce ke kai su gindin bishiya, ba mugunta ba.

In dole baro ya bi ta ciki, a shimfiɗa katakai masu kauri a kan ɓuntun katako ko yashi. In dole bututu ya ratsa, a haƙa da hannu a zura shi ta ƙarƙashin saiwa. Duk saiwar da ta kai kaurin babban yatsa, wajen inci ɗaya, kada a yanke ta sai an tambayi masani. Wadda aka tone a rufe ta da jiƙaƙƙen buhu kada rana ta busar da ita.

Kada a ƙara ƙasa a gindi, kada a rage. In aikin ya faɗo da rani a riƙa ba ta ruwa. In an gama kada a malale huruminta da kankare. Tsakuwa ko bulon shimfiɗa da aka jera a kan yashi suna barin ruwa ya shiga.

A sa maganar cikin yarjejeniya da ɗan kwangila a gaban shaidu, kamar yadda ake sa adadin buhunan siminti. Abin da ba a ambata ranar ciniki ba, ba a rigima a kansa ranar biya.

Masanan da Imamu Malik ya ce a tambaya kuwa ba nisa suke da mu ba. Cibiyar binciken gandun daji ta ƙasa tana nan Jericho tun 1954, tafiyar 'yan mintoci daga Sabo, ga kuma sashen nazarin gandun daji a Jami'ar Ibadan.

Kiranmu ga masu unguwanni da kwamitocin masallatai da na makarantun Islamiyya shi ne, bishiyar da ke filin jama'a ba ta da mai ita guda ɗaya da zai tsaya mata, saboda haka ita ce ta fi saurin tafiya. Duk ranar da aka tashi faɗaɗa masallaci ko ƙara aji, a sa shingenta cikin lissafin farko, a damƙa wa mutum ɗaya amanar kula da shi har a kwashe kayan aiki. Bene in da kuɗi shekara ɗaya ya isa a gama shi. Inuwar da za ta ɗauki sahu uku na masallata ranar da ciki ya cika kuwa sai an jira shekara talatin, kuma waɗanda suka dasa mana waɗannan da muke gani yawancinsu suna ƙasa, ladarsu na gudana muddin ana shan inuwar. Kada tifar yashi ɗaya ta yanke musu ita.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya albarkaci gine-ginenmu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.